Idan Kwafin Imel Ya Ƙi Fita: Yadda Ake Gano Inda Matsalar Take

Yawanci mutum ba ya tunawa da ajiye kwafin saƙonninsa na imel sai ya matsu. Ko dai an sanar da shi cewa za a rufe asusun da makaranta ta ba shi tunda ya kammala karatu, ko zai bar wurin aiki, ko kuma gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta ya cika har sababbin saƙonni sun daina shigowa. A cikin wannan gaggawa ne yake neman kwafi, ya yi ta jira, daga ƙarshe ya tarar aikin bai kammalu ba, ko fayil ɗin ya sauka amma ya ƙi buɗewa. Abin da mutane da yawa ke yi a nan shi ne su sake neman wani kwafin daga farko, su sake ƙona data, su sake cin karo da matsalar a daidai wurin da suka bar ta.

Kafin saƙonni su zama ajiya a hannun mai su, sai sun bi ta wurare huɗu: sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsa da ke harhaɗa su, hanyar intanet da za su biyo, ma'ajiyar da za a zuba su a ciki, da manhajar da za ta karanta su. Kowane wuri yana da irin tasa cutar da irin nasa maganin, kuma wanda bai tsaya ya gano inda aikin ya karye ba zai bar jaki yana dukan taiki. Saboda haka tambayar farko ita ce: shin an taɓa aiko da sanarwar cewa kwafin ya haɗu? Idan ba a aiko ba, matsalar tana can wurin kamfani. Idan an aiko, to sun gama nasu, saura namu.

Lokacin da ƙunshin ya ƙi haɗuwa

Mai amfani da Gmail yana neman kwafinsa ne ta Google Takeout, shafin da Google ke harhaɗa wa mutum bayanansa a ƙunshi ya sauke, wanda aka buɗe a 2011, aka kuma saka Gmail a cikinsa a ƙarshen 2013. Kuskuren da ya fi yawa yana faruwa ne tun a shafin farko, domin idan aka buɗe shafin za a tarar an riga an zaɓi kusan dukkan ayyukan Google, daga hotuna da Drive har YouTube. Wanda ya wuce bai cire su ba ya nemi a haɗa masa tarihin rayuwarsa gaba ɗaya alhali saƙonni kawai yake so, kuma idan ɓangare ɗaya ya samu tangarɗa sai a dawo masa da rahoton cewa kwafin bai cika ba. Abin da ya kamata shi ne a danna “Deselect all”, a gangara zuwa “Mail”, a zaɓe shi shi kaɗai. Lambobin mutane da kalanda a neme su daban, domin ƙanana ne, ba sa ɗaukar lokaci.

Sai kuma haƙuri. Haɗa akwatin da ya shekara goma yana tara saƙonni na iya ɗaukar sa'o'i, wani lokaci kwanaki, kuma sake danna nema ba ya sa na farkon ya yi sauri. Wanda ya shiga tsarin tsaro na musamman da Google ke kira Advanced Protection ma, da gangan ake jinkirta masa kwana biyu kafin a fara. Idan kuwa asusun na makaranta ne ko na ofis, mai kula da asusun yana da ikon rufe Takeout ɗungurungum, kuma babu dabarar da za ta buɗe shi daga ɓangaren mai amfani. A nan sai dai a je wurinsa, kuma dama hakan ya fi dacewa, domin saƙonnin ofis ba lallai ne su zama mallakin ma'aikaci ba.

Idan an yi duk wannan kuma kwafin ya ci gaba da faɗuwa, maganin da na fi amincewa da shi shi ne a daddatsa akwatin shekara-shekara. A cikin Gmail a kwamfuta, a rubuta after:2019/01/01 before:2020/01/01 a wurin bincike, a zaɓi dukkan abin da ya fito, ba na shafin farko kaɗai ba, sannan a liƙa musu sabon laƙabi (abin da Gmail ke kira “label”) mai suna 2019. A yi wa kowace shekara haka. Da aka koma Takeout, a ƙarƙashin “Mail” akwai wurin da ake cire zaɓin dukkan saƙonni a zaɓi laƙabi ɗaya ko biyu. Wannan hanya tana da amfani biyu. Ƙaramin kwafi ya fi saurin haɗuwa, sannan idan shekara ɗaya ce kullum ke faɗuwa, an gano unguwar da matsalar take, sai a raba wannan shekarar wata-wata. Saƙonnin da suka faro a wata shekara suka ƙare a wata za su iya fitowa sau biyu, amma maimaici ya fi rashi.

Saukewa, inda data ke ƙonewa

A nan ne mafi yawan masu karatunmu ke shan wahala, domin tsarin an gina shi ne da tunanin mai intanet da wutar lantarki marasa yankewa. Adireshin saukewar da Google ke aikowa yana aiki ne na kimanin kwana bakwai, kuma ana iya sauke kowane ƙunshi sau biyar kawai. Wanda aka ɗauke masa wuta sau biyu, sabis ya yanke masa sau biyu, data ta ƙare masa sau ɗaya, ya cinye rabonsa ke nan, sai ya sake nema daga tushe. Don haka kada a fara saukewa sai an shirya: laftof a cike da caji, an hana kwamfutar yin barci, an kuma tabbatar datar da ke layin ta zarce girman fayil ɗin da aka nuna a shafin. Ba na ba da shawarar saukewa da waya, domin waya takan dakatar da burauza da zarar an koma wata manhaja ko allon ya mutu.

Takeout yana ba da zaɓin girman kowane ƙunshi, gigabait 1, 2, 4, 10 ko 50, kuma ga mai raunin sabis ƙaramin ya fi. Sai dai akwai wani tarko da ba a cika faɗa ba. Dukkan saƙonnin Gmail suna fita ne a matsayin fayil guda ɗaya nau'in MBOX, kuma idan wannan fayil ya fi girman da aka zaɓa, ba a yanka shi, ana kawo shi ne ɗungurungum a gefe. Wato mai akwatin gigabait 12 da ya zaɓi ƙunshi na gigabait 2 zai iya samun ɗan ƙaramin zip, wato matsattsen ƙunshi da sai an kwance, da kusan babu komai a ciki, tare da wani ƙaton fayil daban wanda shi ne ainihin saƙonnin. Mutane kan sauke ƙaramin su ɗauka an gama, ko su buɗe shi su ce Google ta ba su fanko. Wannan ma wani dalili ne na rabawa da laƙabin shekara, domin ita ce hanyar da ke rage girman fayil ɗin da gaske.

Idan an danna saukewa sai shafin ya yi ta maimaita neman kalmar sirri, ko ya ce babu izini, galibi asusu fiye da ɗaya ne a buɗe a burauzar, ta rikice da wanda ya nemi kwafin. A buɗe tagar sirri ta burauza, a shiga da wannan asusun shi kaɗai, a je Takeout kai tsaye a sauke daga can. Manhajojin ƙara saurin saukewa ma sukan gaza saboda adireshin a ɗaure yake da shigar da aka yi a burauza, kuma kowane gwajin da suka yi na iya cin ɗaya daga cikin biyar ɗin. Fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .crdownload a Chrome, ko .part a Firefox, bai gama sauka ba, kuma sauya masa suna ba zai cika shi ba.

Akwai zaɓin a tura kwafin zuwa Drive, Dropbox, OneDrive ko Box maimakon a aiko da adireshi. Amfaninsa shi ne fayil ɗin ba ya ɓacewa bayan mako guda, kuma manhajojin waɗannan ma'ajiyoyi na kwamfuta sun fi burauza jure katsewar sabis. Amma a yi lissafi tukuna. Abin da aka zuba a Drive yana cin gigabait 15 ɗin nan ne da Gmail da hotuna ke rabawa, saboda haka wanda akwatinsa ya cika ba shi da wurin da zai karɓi kwafin. Dropbox na kyauta gigabait 2 ne, OneDrive kuma 5, kuma kwafin da ya fi su girma zai faɗi a bakin ƙofa.

Filashi da faifan ajiya

Wani lokaci fayil ya sauka lafiya, amma da aka zo kwafe shi a filashi sai kwamfuta ta ce ya yi girma, alhali filashin na gigabait 32 ne kuma babu komai a ciki. Dalilin shi ne yawancin ƙananan filashi da memori suna zuwa ne da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4. Sai a sake tsara filashin zuwa exFAT ko NTFS, bayan an kwashe abin da ke ciki, domin sake tsarawa yana goge komai.

Wanda ya fi wannan muni shi ne filashin jabu. Na taɓa sayen wani a wani shago da aka rubuta masa gigabait 64, na zuba masa kwafi, kwamfuta ta nuna komai ya shiga, sunayen fayiloli da girmansu duk daidai. Sai bayan watanni da na buƙaci wata takarda na tarar fayilolin ba su da komai a ciki sai shara, domin ainihin cikinsa bai kai abin da aka rubuta ba, yana ta rubuta sabo a kan tsoho ne. Akwai ƙaramar manhaja kyauta mai suna H2testw da ke cika filashi da bayanai ta sake karanta su don ta gano gaskiyar girmansa, kuma ya kamata duk sabon filashi ya bi ta hannunta kafin a damƙa masa amana. A kuma tuna cewa kwance zip yana buƙatar wuri, domin ƙunshin da abin da aka kwance za su zauna tare, saboda haka a tanadi fili aƙalla ninki biyu na girman ƙunshin, in da hali ninki uku.

Fayil ɗin da ya ƙi buɗewa

Idan zip ya ƙi kwancewa, a saka manhajar kwance ƙunshi ta 7-Zip, wadda kyauta ce, a yi amfani da zaɓinta na gwada ƙunshi. Idan ta ce ƙunshin ya ƙare ba zato, saukewar ce ta yanke, kuma kwatanta girman fayil ɗin da wanda Takeout ya nuna zai tabbatar da haka. Idan kuwa ta buɗe shi lafiya, to tsohuwar manhajar kwancewar ce ba ta iya manyan zip ba. Wanda ya zaɓi ƙunshi nau'in .tgz maimakon zip a Takeout ma 7-Zip za ta buɗe masa, sai dai sau biyu ake kwance shi.

Shi kuwa MBOX, danna shi sau biyu ba ya buɗe shi, kuma wannan ba lalacewa ba ce. Dogon rubutu ne guda ɗaya da aka jera saƙonni a ciki ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya fara da layin “From”, hotuna da takardun da aka haɗo kuma an mayar da su haruffa. Notepad zai sandare idan aka ba shi fayil mai gigabait da yawa, Outlook ba ya karanta MBOX kai tsaye, shi ma shafin Gmail ba shi da wurin mayar da shi. Abin da ke karanta shi cikin sauƙi shi ne manhajar imel ta Thunderbird, ta hanyar ƙarin da ake saka mata mai suna ImportExportTools NG, ko kuma a rufe Thunderbird a jefa fayil ɗin cikin foldarta ta “Local Folders” sannan a sake buɗe ta a ba ta lokaci ta jera saƙonnin. Mai kwamfutar Apple kuwa, manhajar Mail tana shigo da shi da kanta. A lura da manhajar kashe bairos, domin cikakken kwafin Gmail yana haɗawa da saƙonnin banza da na kwandon shara, kuma muguwar takarda guda a cikinsu na iya sa ta killace fayil ɗin gaba ɗaya. Idan fayil ya ɓace jim kaɗan bayan an kwance shi, a fara duba inda take killace abubuwa.

Masu kwafa da Thunderbird ko Outlook

Wasu ba sa bin Takeout, suna haɗa asusunsu ne da manhajar imel ta hanyar IMAP, wato tsarin da ke haɗa manhaja da akwatin da ke sabar kamfani, su jawo saƙonnin. Wannan ita ce hanyar da ta fi sauƙi ga masu Yahoo, kuma tana da kyau ga mai raunin sabis domin idan ta yanke tana ci gaba daga inda ta tsaya. Idan manhajar ta ce kalmar sirri ba daidai ba ce alhali an tabbata daidai ce, ba mantuwa ba ce. Google ta daina barin manhajoji su shiga asusun mutane da kalmar sirri zalla tun ranar 30 ga Mayun 2022, Microsoft ma ta yi haka ga Outlook.com a Satumban 2024. A sabunta manhajar, a zaɓi OAuth2 a matsayin hanyar shiga, wato wadda ke buɗe shafin kamfanin da kansa. Idan tsohuwar manhaja ce, a ƙirƙiri kalmar sirri ta musamman don manhaja, wadda a Google haruffa 16 ce kuma sai an kunna tabbatarwa mai mataki biyu ake samun ta. Yahoo ma tana da irinta.

Idan saƙonni suna ta sauka sai kawai suka tsaya cak, mai yiwuwa an kai iyakar rana. Google ta bayyana wa masu asusun ofis cewa megabait 2,500 ake iya saukewa ta IMAP a rana, a ɗora 500, kuma wanda ya zarce akan dakatar da shi na awa guda, wani lokaci har awa 24. Akwatin gigabait 10 ke nan zai ci aƙalla kwana huɗu, kuma babu abin yi sai jira. Idan kuwa kowace folda ta tsaya a kan adadi mai tsafta kamar 1,000 ko 5,000, a duba saitin IMAP a cikin Gmail, akwai wurin da ake taƙaita yawan saƙonnin folda, a cire taƙaitawar. A shafin laƙubba ma a tabbata an bar “All Mail”, wato matattarar dukkan saƙonni, ya bayyana a IMAP.

Babban hatsarin wannan hanya shi ne mutum ya ɗauka abin da yake gani a Thunderbird ajiya ce, alhali madubi ne. Duk abin da aka goge a saba zai goge a kwamfuta da zarar sun haɗu. Sai an kwafe saƙonnin zuwa “Local Folders”, ko an fitar da su a matsayin fayil, sannan suka zama na mutum.

Outlook na kwamfuta yana fitar da kwafi a fayil nau'in PST, kuma ƙorafin da aka fi yi shi ne tsofaffin saƙonni ba su fito ba. Dalili shi ne Outlook yakan ajiye na wani ɗan lokaci ne kawai a kwamfuta, sau da yawa na wata 12, kuma abin da ke kwamfutar shi yake fitarwa. A shiga saitin asusun a ja ma'aunin zuwa “All”, a jira ya gama jawo komai, sannan a fitar. PST na zamani yana tsayawa a gigabait 50, na tsofaffin Outlook kafin 2003 kuwa gigabait 2 ne kacal. Kada a ajiye shi kai tsaye a foldar da OneDrive ke aiki a kanta, domin manhajojin biyu za su yi ta jayayya a kan fayil ɗin, a fitar da shi a wata folda, a rufe Outlook, sannan a kwafe. Idan ya lalace, akwai manhajar gyara mai suna scanpst.exe a cikin foldar Office, kuma a yi gyaran a kan kwafinsa, ba a kan na asali ba.

Kafin a goge komai

Gani ya kori ji, saboda haka sanarwar cewa kwafi ya kammala ba ta isa hujja ba sai an buɗe an ƙirga. A nan ma akwai abin da ke ruɗa mutane, domin Gmail yana ƙirga zaren hira ne, wato saƙo da amsoshinsa goma abu ɗaya ne a wurinsa, alhali Thunderbird tana ƙirga kowane saƙo daban. A kashe tsarin zaren hira a saitin Gmail na ɗan lokaci, a duba adadin “All Mail”, sannan a kwatanta, tare da tuna cewa cikakken kwafin Takeout zai ɗan fi yawa saboda saƙonnin banza da na shara. Bayan haka a nemo saƙo mafi tsufa da mafi sabunta, a buɗe takardu biyu ko uku da aka haɗo da saƙonni daga shekaru daban-daban, a ga ko suna karantuwa.

Idan komai ya yi daidai, a ajiye kwafin a wurare biyu da ba sa tare, misali faifan waje a gida da wata ma'ajiya ta intanet wadda ba ta asusun da aka kwafa ba. Fayil ɗin yana ɗauke da sanarwar banki da saƙonnin sauya kalmar sirri kuma babu makulli a kansa, don haka a kulle shi da kalmar sirri ta 7-Zip, kuma wanda ya sauke a shagon intanet ya goge shi daga kwamfutar shagon har da kwandon shararta. Sai bayan wannan ne za a fara rage kaya a Gmail, a fara da binciken larger:10M wanda ke fito da manyan saƙonnin da suka fi cin wuri. Abin da aka goge yana zama a kwandon shara kwana 30 yana ci gaba da cin wuri, saboda haka mai son fili nan take sai ya zubar da kwandon da hannunsa. Takeout kuma yana da zaɓin ya riƙa haɗa sabon kwafi duk bayan wata biyu har tsawon shekara guda, wato sau shida, amma kowanne sai an sauke shi cikin makonsa, kuma idan shekarar ta cika sai an koma an sake kunna shi.